Tsaron Gida a Ƙwallon Tebur: Dabara Ta Fi Saurin Hannu

A wasan ƙwallon ƙafa na tebur, wanda a Faransa da Nijar ake kira bebifut, akasarin 'yan kallo suna auna mai tsaron gida da saurin hannunsa. Wannan ma'auni kuskure ne, kuma yana jawo wa ƙungiyoyi asarar wasannin da ya kamata su ci.

A gasar mutum biyu-biyu, ɗan baya ne ke riƙe da sanduna biyu: ta gola da ta 'yan baya mai 'yan tsana biyu. A gabansa akwai ɗan gaba da sanda mai 'yan tsana uku, ya kafa ƙwallo yana jiran dama. Ɗan Adam yana buƙatar kusan kashi ɗaya bisa biyar na daƙiƙa kafin hannunsa ya amsa abin da idonsa ya gani, bugun ƙwararre kuwa kan isa raga kafin hakan. Wanda ya riga ka barci, dole ya riga ka tashi. Golan da ke jiran ƙwallo ta motsa sannan ya bi ta, tseren da aka riga aka cinye shi yake yi.

Masana wasan sukan raba bakin raga kafa uku: kusurwar kusa, tsakiya da kusurwar nesa. 'Yan tsana biyu ne kawai suke iya tsayawa a gabanta da kyau, saboda haka kullum akwai kafar da ke buɗe. Aikin mai tsaro shi ne ya zaɓi wadda zai bari da lokacin da zai rufe ta. Ba ya jera 'yan tsanarsa ɗaya a bayan ɗaya, domin hakan toshe kafa guda ne da mutum biyu. Yakan tura ƙafar na gaba don rage fili, ya nuna wa abokin hamayya kafa a matsayin tarko, ya kuma riƙa sauya tsarin motsinsa don kada a haddace shi.

Doka ma tana bayansa. A ƙa'idojin ITSF, hukumar wasan ta duniya da aka kafa a 2002, daƙiƙa 15 kacal ɗan gaba ke da su ya buga. Kowace daƙiƙa da ya ɓata cikin kokwanto riba ce ga mai tsaro.

Masu ra'ayin sauri suna da hujja: a kan ɗan koyo mai sanyin bugu, bin ƙwallo da ido yana aiki. Sai dai nasarar da ake samu a can ita ce ke shuka ɗabi'ar da ke kayar da mutum ranar da ya gamu da gwani. A wasan da ƙwallo biyar ke raba gardama, bugu biyu da aka tare da hikima sun isa su juya sakamako. Don haka ya kamata masu horarwa su fara koya wa ɗan baya karanta abokin hamayya da ɓoye niyyarsa, saurin hannu ya biyo baya.