SHARHI: Awakin tallafi a karkarar Kano: Abin da ke sa su hayayyafa, da abin da ke mayar da su kasuwa

A farkon shekarar 2025, Gwamna Abba Kabir Yusuf ya ƙaddamar da rabon awaki 7,158 ga mata 2,386 daga ƙananan hukumomi 44 na Jihar Kano, wato uku ga kowace mace. An yi rabon a ƙarƙashin Shirin Bunƙasa Noma da Kiwo na Jihar Kano, KSADP, shirin dala miliyan 95 da Bankin Raya Ƙasashen Musulunci da asusun Lives and Livelihoods Fund ke tallafa wa. Labarin ya jawo ce-ce-ku-ce a kafafen sada zumunta, inda wasu suka ga akuya ta yi ƙanƙanta a kira ta aikin raya ƙasa.

Wanda ya san ƙauyukan Bichi, Dambatta, Makoɗa, Minjibir ko Gezawa ba zai raina akuya ba. Abin da ya cancanci muhawara shi ne makomar waɗannan awaki bayan an naɗe rumfunan taro: nawa ne suka tsallake bazara, nawa suka haihu, nawa kuma suka koma kasuwa kafin wata uku.

Taimakon waje na janyewa

A ranar 20 ga Janairun 2025, Shugaba Donald Trump ya dakatar da taimakon da Amurka ke bai wa ƙasashen waje, kuma zuwa farkon Yuli an rufe hukumar USAID. A watan Fabrairu, Birtaniya ta sanar da rage kason taimakonta daga kashi 0.5 zuwa kashi 0.3 cikin 100 na kuɗin shigarta nan da 2027. A Yulin 2025, ƙungiyar likitoci ta MSF ta bayyana cewa yara 652 sun rasu sanadin tamowa a cibiyoyinta na Jihar Katsina cikin wata shida kacal. A Kano kuwa, binciken lafiyar al'umma na ƙasa ya nuna fiye da rabin yara 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure.

Wannan janyewa ta zo ne a kan tsadar rayuwar da ta biyo bayan cire tallafin man fetur a Mayun 2023, har hauhawar farashin abinci ta haura kashi 40 cikin 100 a tsakiyar 2024. Ma'anar hakan ga matar karkara a fili take: abin da za a ba ta nan gaba zai ragu, don haka ɗan abin da aka ba ta dole ya zama mai tsayuwa da ƙafarsa.

Matsayin akuya a gonar Kano

Yankin da ya kewaye birnin Kano na daga cikin karkara mafi cunkoson jama'a a Afirka ta Yamma. Tun shekarun 1960 masanin ƙasa Michael Mortimore ya nuna cewa a nan kusan babu saura ko jeji: ana nome kowace gona duk shekara, amma ƙasar ba ta mutu ba. A shekarun 1990, binciken Frances Harris a Tumbau, cikin ƙaramar hukumar Gezawa, ya fayyace sirrin. Manomi na haɗa gero da dawa da wake da gyaɗa a gona ɗaya, ya tara harawa da kara ya ciyar da awaki da tumaki a cikin gida, sannan ya kwashe takinsu a mangala ya mayar gona kafin saukar damina.

Mafi yawan waɗannan ƙananan dabbobi na mata ne. Akuya ita ce asusun matar da ba ta da asusun banki. Cikinta wata biyar ne, jar akuya kan haifi tagwaye, kuma idan ta samu kulawa tana iya haihuwa sau uku cikin shekara biyu. Da ita ake sayen magani idan yaro ya kwanta, da ita ake haɗa kayan ɗakin 'ya. Saboda haka zaɓen akuya a matsayin tallafi zaɓe ne da ya dace da wurin. Matsalar tana cikin abubuwan da akuyar ke buƙata, waɗanda ba sa fitowa a hoton ranar rabo.

Inda tallafin ke yoyo

Na farko shi ne abinci. Cunkoson da ya sa takin akuya ya yi daraja shi ne kuma ya hana ta wurin kiwo. Da damina a turke take, domin ko'ina shuka ce, sai an yanko mata ciyawa. Da bazara kuma harawa da dusa da ƙowa sun yi tsada. Harawa ta mai gona ce, gona kuwa galibi a hannun maza take. Matar da mijinta ya rasu tana da tumunin takaba ne kawai idan akwai 'ya'ya, kuma a inda gonaki suka riga suka tsattsage saboda gado, wannan kaso kan zama 'yan kunyoyi. Bazawarar da ta koma gidan iyayenta da yara sau da yawa ba ta da ko wannan. Wato matar da ta fi cancantar tallafin ita ce mafi ƙarancin abin ciyar da shi. Idan ba a haɗa mata da abincin da zai kai dabbobin kaka ba, sayar da ɗaya don ciyar da biyu ya zama tilas.

Na biyu shi ne cuta. Annobar PPR, mai zuwa da zazzaɓi da majina da zawo, na iya share mafi yawan garken da ba a yi wa rigakafi ba, kuma tana yaɗuwa ne musamman idan aka haɗa dabbobin da aka sayo daga kasuwanni daban-daban, kamar yadda babban rabo ke buƙata. Akwai allurarta, Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi da ke Vom na sarrafa ta, kuma allura ɗaya na ba da kariya ta aƙalla shekara uku. Sai dai 'ya'yan da za a haifa su ma suna buƙatar tasu, wanda ke nufin malamin dabbobi ya riƙa dawowa ƙauyen bayan shirin ya tashi.

Na uku shi ne larurar gida. Akuyar da aka kai gidan da babu hatsi a rumbu, ko gidan da yaro ke fama da maleriya, ba za ta jira haihuwa ba. Uwar da ta sayar da ita don ceton ɗanta ba ta yi almubazzaranci ba, lissafin da ya kamata ta yi ke nan. Tsarin da bai tanadi wata ƙofar samun ɗan kuɗin gaggawa ba shi ya bar ta da wannan zaɓi ɗaya.

Darasi daga maƙwabta

Ba sai an je nesa ba kafin a ga yadda ake toshe waɗannan kafofi. A 1991 ƙungiyar CARE ta fara shirin Mata Masu Dubara a yankin Maraɗi na Jamhuriyar Nijar. An gina shi ne a kan adashin da mata suka gada, aka yi masa gyara: maimakon mutum ɗaya ta kwashe zubin, ana tara shi a akwati, mai buƙata ta ranta ta biya, a ƙarshen zango a raba. Ba a zuba wa matan jari daga waje ba, horo kawai aka ba su. Wannan ya sa ƙungiyoyi da yawa suka ci gaba bayan masu horon sun tafi, kuma tsarin ya bazu zuwa ƙasashe da dama na Afirka da Asiya. A karkarar Kano, inda batun riba ke da nauyi, ana iya tafiyar da akwatin da rance marar ruwa, a nemi ƙaruwa ta hanyar sayen hatsi da kaka a sayar da bazara.

Darasi na biyu daga Jigawa da Zamfara yake. Tsakanin 2013 da 2019, shirin CDGP da Birtaniya ta ɗauki nauyi, ƙungiyoyin Save the Children da Action Against Hunger suka gudanar, ya riƙa bai wa mata masu ciki Naira 3,500 a wata, daga baya 4,000, har yaro ya cika shekara biyu, tare da wayar da kai kan shayarwa da abincin yara. An yi shi a Buji, Gagarawa da Kiri Kasamma, da kuma Anka da Tsafe. Masu binciken da suka bi sawun gidajen sun samu raguwar tsumburewa da kimanin kashi 8 cikin 100, sun kuma ga matan sun ƙara shiga sana'a tare da sayen dabbobi da kansu. Abin da ya yi aiki shi ne tabbacin zuwan kuɗin kowane wata kai tsaye hannun uwa, ko da ba su da yawa.

Hausawa ma na da nasu tsohon tsari, inda mai hali ke ba 'yar'uwa ko maƙwabciya akuya kiwo, a riƙa raba 'ya'ya. Rabon da aka ɗora a kan wannan al'ada, wadda ta karɓa ta miƙa 'yar akuya ga ta gaba da ita a ƙungiya, na sa idon mata ashirin a kan kowace dabba, abin da babu jami'in da zai iya.

Kada nauyin ya faɗa kan 'ya mace

Akwai tsadar da ba a cika lissafawa ba. Tun shekarun 1970 binciken Enid Schildkrout a Kano ya nuna yadda sana'ar matan kulle ta dogara da yara, musamman mata, masu kai ƙuli-ƙuli da fura da ƙosai talla. Haka lamarin yake a kiwo: wani ne zai yanko ciyawa, ya ɗebo ruwa. Idan jarin uwa ya ƙaru ba tare da an duba wannan ba, ribar na iya fitowa daga lokacin karatun 'yarta.

Kano na cikin jihohi bakwai na farko a shirin AGILE na Bankin Duniya, wanda aka amince da shi a 2020 da dala miliyan 500 don karatun 'yan mata, kuma jihar ta ayyana dokar ta-ɓaci a fannin ilimi a Yunin 2024. Hankali zai so a ce rajistar masu karɓar awaki da ta 'yan matan da ake tallafa wa a makaranta suna duban juna, domin sau da yawa gida ɗaya ne.

Ma'aunin da ya kamata a nema

Kuɗin irin waɗannan shirye-shirye, ko rance ne ko kyauta, da sunan talakawan Kano aka karɓo su, don haka suna da haƙƙin ganin sakamako. Alƙaluman ranar rabo na nuna abin da aka kashe ne kawai. Waɗanda za su nuna abin da aka samu su ne: yawan awakin da ke raye bayan shekara ɗaya da biyu, mazaɓa bayan mazaɓa, yawan waɗanda suka haihu, yawan waɗanda aka yi wa rigakafi, kason zawarawa da marasa gona a cikin masu karɓa, da hanyar da aka bi aka zaɓo su. Tattara wannan bai fi ƙarfin malaman gona da masu unguwanni ba, kuma Majalisar Dokokin Jiha na da ikon neman a gabatar mata da shi.

Idan za a sake rabo, gara a rage yawan dabbobin a saka rarar a harawar bazara, da allura, da horon ƙungiyoyin adashi. Mata dubu da awakinsu suka zama garke sun fi dubu biyu da suka koma inda suka fito. Masu iya magana sun ce guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni. A ƙauyukan arewacin Kano, za a gane ko awakin 2025 sun zama wannan gatari ne ta hanyar leƙa turakun gidajen da aka kai su, a ƙarshen bazara, a ƙirga abin da ke ɗaure.