Kwikwiyo ya ƙi tuwo? Kada a ba shi ɗanyar hanta

Ƴan uwa makiyaya, a rugagenmu na Korahane in kwikwiyo ya ƙi tuwo, sai a jefa masa ɗanyen huhu ko hantar da aka yar wajen fiɗa. A ganina wannan tausayi ne mai tsada.

Ƙullutun ruwan da ake gani a irin wannan hanta, ƴaƴan tsutsa ne a ciki. In kare ya ci, tsutsar ta girma a hanjinsa, ƙwanta ya fito da kashi, ya manne a gashinsa. Wa ke rungumar kwikwiyo, ya tsoma hannu a kwano bai wanke ba? Ƴaƴanmu. Ƙullutun kan yi shekaru yana girma a hantar yaro, wani lokaci sai an yi masa aiki. Ƙwan da ya zuba a ciyawa kuma ya koma wa tumaki.

Kwikwiyo mai jin yunwa ba ya daɗe yana yanga. A jiƙa masa ƙanzo da romo, nama kuma a dafa. Kayan ciki masu ƙullutu a ƙone ko a binne da zurfi, musamman ranar Layya. A nemo maganin tsutsa wajen likitan dabbobi a Dakoro. Yara su wanke hannu da sabulu kafin cin abinci.