Kurfotin Uwarka Ba Abin Kunya Ba Ne

Tun shigowar bazara ƙara uku ta zo gaban dattawa a nan Kumasi, duka a kan abu guda: mai gidan haya ya hana mata fito da kurfoti tsakar gida, wai hayaƙi yana ɓata masa fenti, wai girkin waje ƙauyanci ne. Mun saurara, mun rubuta, amma shiru ya ishe mu.

Ina za su kai wutar? Duk wanda ya san gidajen Aboabo da Asawasi ya san ɗaki ɗaya ne da ɗan baranda, taga kamar ta kurkuku, rufin kwano yana tafasa tun hantsi a watan Maris. A nan ake so mace ta tuƙa tuwon zafi na mutum tara, ta kaɗa miyar ayoyo, ga goyo a baya. Gawayi in ya ci a rufaffen ɗaki yana fitar da iska mai guba wadda ba ta da launi, ba ta da wari. Ciwon kai take fara kawowa, sai jiri, wani kuwa ya kwanta bai tashi ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa gurɓatacciyar iskar cikin gida ta kashe mutum miliyan 3.2 a shekarar 2020. Fenti dai ana sake shi.

Abin da ya fi ba mu takaici samarinmu ne masu boko. Su ne ke yaɗa hotunan Amurkawa suna gasa nama a bayan gida ranar 4 ga Yuli, suna yabawa. Bature ya gudu daga zafin kicin ya fita waje, an ce wayewa. Inna ta yi haka shekara arba'in, an ce ta ƙi ci gaba. Alhali shinkafa da waken da Gana duka ke layi a kai, har suka ari sunan daga bakinmu, a tsakar gidan zango aka dafa ta da karan dafi. Tsiren ma haka.

Kuma tukunyar waje ba ta ɓuya. Maƙwabciya ta ga abin da aka ɗora, ta ga kuma gidan da yau ba a hura wuta ba, sai kwano ya tafi ba tare da kowa ya roƙa ba. Rufe ƙofa ya kashe wannan.

Masu cewa gawayi yana cinye itatuwa sun yi gaskiya. Mun ga buhunan da ke sauka daga Kintampo, mun kuma san har kaɗanya ake sarewa a arewa. To, a sauƙaƙa wa talaka gas, a kawo murhu mai tsimin gawayi. Shigar da kurfoti ɗaki ba ya ceton ko reshe ɗaya.

Dattawa sun yanke cewa a ware kusurwa a kowane gida, nesa da igiyar shanya da wajen wasan yara, mata su riƙa kwashe toka da kansu. Masu gidaje biyu sun yarda. Na ukun muna jiransa ranar Asabar bayan la'asar.