Ciwon hanta: Kafin a tura kuɗin "maganin Indiya", a leƙa tukunyar miya

Mutumin Aliero bai buƙatar a yi masa wa'azi a kan darajar maganin gargajiya. Garin ya yi suna da albasa, ya kuma yi suna da ɗori. Daga nesa ake kawo wanda ya karye, a ɗaura, bayan 'yan makonni ya taka da ƙafarsa. Wanda ya ga haka da idonsa ba a raba shi da yarda da na gida.

Sai dai ƙashi daban, hanta daban. Idan ɗori bai kama ba, kowa zai gani, mai ɗorin ma zai gani. Ita hanta tana lalacewa ne shiru, shekara goma, ashirin, mutum na noma, yana zuwa kasuwar Jega yana dawowa. Ranar da ido ya yi ɗorawa, ciki ya kumbura, ƙafa ta tashi, galibi aikin ya yi nisa. Hantar ta cika da tabo, ta taurare, ta ƙanƙance. Wannan ne likitoci ke kira sirosis.

A irin wannan hali, magidanci a Gehuru ko Maiyama zai fara da abin da ya sani. A ce shawara ce, a jiƙa rawaya. Idan cikin ya ci gaba da tashi, wani ya ce sammu ne. Yanzu kuma wani sabon baƙo ya shigo ta waya: tallar "wankin hanta" a Facebook da TikTok da WhatsApp, kwalba mai kyalli, rubutun Turanci, da kalmar da ke kashe jikin mai saye, wato "daga Indiya". Tunda manya na zuwa Indiya neman lafiya, sai a ɗauka duk abin da ya fito daga can ya wuce tambaya.

Da yawan waɗannan magunguna na tsarin Ayurbeda ne, maganin gargajiyar Indiya mai tsohon tarihi, wanda gwamnatin ƙasar ta buɗe wa ma'aikata ta musamman a 2014. Ba abin raini ba ne. Shawarwarinsa na barin giya, cin abinci da tsari da samun hutu babu likitan da zai ƙi su. Amma a kan hantar da ta riga ta taurare, su kansu likitocin Indiya ne suka fi kowa ɗaga murya.

A 2021, lokacin korona, likitoci a Mumbai sun wallafa rahoton mutum shida da hantarsu ta kumbura bayan sun sha wani tsiro da ake kira giloy don ƙarfafa garkuwar jiki. A jihar Kerala, likitan hanta Dakta Cyriac Abby Philips ya shafe shekaru yana tattara bayanan majinyatan da irin waɗannan haɗe-haɗe suka jefa cikin gazawar hanta, har aka riƙa kai shi ƙara. Tun a 2004 wani bincike a birnin Boston na Amurka ya gwada magungunan Ayurbeda 70 da ake sayarwa a shaguna, aka samu dalma ko zaiba ko gubar asenik a cikin 14. Ɗaya cikin biyar ke nan. Mutumin Arewa maso Yamma da ya san abin da dalma ta yi wa yaran Zamfara a 2010 ba sai an yi masa dogon bayani ba.

Ko Liv.52, wanda ya fi kowane maganin hanta na Indiya shahara kuma yake kasuwa tun 1955, labarinsa bai miƙe ba. Wani ƙaramin gwaji a Iran a 2005, kan mutum 36, ya nuna ɗan sauƙi. Amma gwaji mafi girma da aka yi a Turai, wanda aka fitar da sakamakonsa a 1997, ya nuna cewa cikin waɗanda ciwonsu ya fi tsanani, masu shan maganin sun fi mutuwa a kan waɗanda aka ba ƙwayar da ba komai a cikinta. Su kuwa masu tsananin ciwon su ne ainihin waɗanda talla ke nema, domin su ne suka ƙosa.

Dalilin ba boyayye ba ne. Duk abin da aka haɗiya, ganye ne ko ƙwaya, hanta ce ke tace shi. Lafiyayyar hanta na iya shanye kuskure. Wadda ta rage saura kaɗan ba ta da wannan rarar. Wannan hukunci bai tsaya kan na Indiya ba, ya hau kan jiƙon gida da kwalbar da mai lasifika ke yawo da ita ranar kasuwa, wadda ke maganin basir da shawara da sanyi duk a lokaci ɗaya.

Masu talla kan ce "ai da lambar NAFDAC". A duba da kyau. Yawancin magungunan ganye lambarsu na ƙarewa da harafin L, kuma a jikin kwalin akwai rubutun da ke cewa hukumar ba ta tantance iƙirarin warkarwar da aka yi ba. Ma'ana an ba shi izinin shiga kasuwa, ba a shaida yana warkar da komai ba.

Abin takaicin shi ne, kuɗin da ke tafiya a kwalba uku ko huɗu ya isa a yi tambayar da ta fi kowace muhimmanci: me ya cinye hantar? A wasu ƙasashe giya ce kan gaba. A wannan yanki, babban ɓarawon shi ne ƙwayar cutar hanta nau'in B. Binciken ƙasa na 2018 ya gano tana jikin kashi 8.1 cikin 100 na 'yan Najeriya masu shekara 15 zuwa 64, nau'in C kuma kashi 1.1. Da yawa sun ɗauka tun suna jarirai, daga uwa ko ta askar da aka yi wa yara da dama aiki da ita: kaciya, cire beli, shasshawa, ƙaho. Mutum bai taɓa kurɓar giya ba, ga shi da ciwon da ake jingina wa mashaya, har yana jin kunyar faɗa.

Akwai kuma tsargiya. An fi saninta da fitsarin jini, amma tana da nau'in da ke zama a hanji, ƙwayayenta su taru a hanta su toshe hanyar jini, har mutum ya yi aman jini. Manomin shinkafa da masunci da ke wuni cikin ruwan fadamar Gulbin Zamfara ya kamata a duba masa wannan ma. Maganinta, furazikwantel, ba shi da tsada.

Ga nau'in B akwai ƙwayar tenofobir, guda ɗaya kullum. Ba ta fitar da cutar gaba ɗaya, ta kan danne ta ne, don haka mai sirosis ba ya daina sha, kuma dainawa kwatsam na iya tayar da ciwon fiye da da. Amma a wani bincike da aka wallafa a 2013, cikin mutum 96 masu sirosis da suka sha ta shekara biyar, 71 tabon ya ragu har ba a ƙara lissafa su cikin masu sirosis ba. Idan akwai abin da ya cancanci sunan wankin hanta, to wannan ne, sai dai ba ya zuwa da waƙa da bidiyo. Nau'in C kuwa ana warkewa sarai, da magani na mako 12. Gwajin farko na ɗigon jini ne. Hoton ciki da ganin likitan hanta kuma sai an dangana da Birnin Kebbi, ko asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo da ke Sakkwato.

Inda iyali ke da iko na gaske shi ne madafa, kuma a nan ne ake yawan kuskure da kyakkyawar niyya. Da an ce hanta, sai a hana majinyaci nama da ƙwai da wake da mai, a bar shi da koko da ruwan kunu. Wata biyu ya koma ƙashi da fata, ga ciki tulu. Likitocin hanta sun daɗe da barin wannan ra'ayi. Mai sirosis ya fi mai lafiya buƙatar abinci mai gina jiki: giram 1.2 zuwa 1.5 na furotin ga kowane kilo na nauyinsa a rana. Wake, ƙwai, kifi, nono, awara, kaza, duk nasa ne. Hantarsa ba ta iya ajiyar ƙarfi, don haka idan ya kwana da yunwa jikinsa naman kansa yake ci. A ba shi kaɗan-kaɗan sau biyar ko shida, kuma kada ya kwanta sai ya sa wani abu a ciki, ko fura da nono ce. Saboda wannan dalili ne wanda cikinsa ya tara ruwa ko ya taɓa aman jini bai kamata ya ɗauki azumi ba sai ya ji ta bakin likita, kuma addini ya riga ya yi wa marar lafiya rangwame.

Abin da za a rage shi ne gishiri. Mai kumburin ciki bai kamata ya wuce kimanin giram 5 a yini ba, ƙaramin cokalin shayi ɗaya ke nan, har da wanda ke cikin burodi da taliyar leda. Uwargida za ta ce ai ba ta sa gishiri ba, alhali ta marmasa dunƙule huɗu, wanda kusan rabinsa gishiri ne. Sannan ga kanwa. Ba a lissafa ta cikin gishiri, amma sinadarin sodiyam ɗin da ke riƙe ruwa a ciki shi ne jigonta. Tana cikin miyar kuka da kuɓewa, tana cikin wake, tana cikin ɗanwake, har kunun kanwa ake dama wa majinyaci don ya ji ƙarfi. Maganin fitar da ruwa na aiki ta gaba, tukunya na mayarwa ta baya. A cire wa majinyaci tasa miyar kafin a zuba waɗannan, a ƙara albasa da tafarnuwa da citta da lemun tsami. Albasa dai ba a rasa ta a ƙasar Aliero.

Gyaɗa da masarar da suka yi fumfuna a rumbu su ma a kiyaye. Gubar afulatoksin da ke cikinsu, idan ta haɗu da nau'in B, tana ninka haɗarin kansar hanta, kuma dafuwa ba ta kashe ta. Tsince baƙaƙen ƙwayoyin a zubar ya fi a niƙa su cikin ƙuli-ƙuli don kada a yi asara.

Sai "maganin gajiya" na kemis, haɗin ƙwayoyin da ake ƙulla wa manomi a leda da yamma. Kusan kullum akwai diklofenak ko ibufurofen a ciki, su kuwa ga mai sirosis suna iya fasa jini a ciki ko su tsayar da ƙoda. Farasitamol ya fi sauƙi, muddin bai wuce giram 2 a yini ba, ƙwaya huɗu ke nan ta miligiram 500. Aman jini, baƙin bayan gida kamar kwalta, zazzaɓi da ciwon ciki, ko majinyaci ya fara sambatu yana barcin rana yana farkawa da dare: waɗannan na mota ne zuwa asibiti a take, ba na jiran gari ya waye ba.

Idan gwaji ya nuna nau'in B a jikin maigida, matansa da 'ya'yansa da 'yan uwansa na ciki ɗaya duk su je a duba su, wanda ba shi da ita a yi masa riga-kafi. Allurar ta shiga jerin riga-kafin yara a Najeriya tun 2004, kyauta ce a asibitocin gwamnati. Jaririn da ya ɗauki cutar wajen haihuwa, sau tara cikin goma da ita zai rayu. Allurar farko ta fi aiki cikin awa 24 da haihuwa, alhali a ƙauyukan Jega da Maiyama mata da yawa a gida suke haihuwa, kuma ba a cika fita da jariri ba sai bayan suna. Ko da maijego ba za ta fita ba, kaka ko gwaggo na iya goya shi zuwa asibitin sha-ka-tafi mafi kusa a ranar da aka haife shi.