ZAUREN 'YAN MATA: Hawa da Sauka a Wurin Lilo, Alhakin Naƙasasshe a Wuyan Wa Yake?

 

Yau dai ba zancen samari za mu yi ba, sai ku yi haƙuri. Na san da yawanku in Sallah ta zo ku ake haɗawa da ƙanne a ce ku kai su wurin wasa, a hau lilo, a sha askirim a dawo. To cikin ƙannen nan akwai wadda shan inna ta taɓa wa ƙafa, akwai mai keken guragu, akwai makauniya, akwai kurma. Su ma ransu yana so, kuma babu dalilin a bar su a gida suna leƙe ta taga. Amma in aka zo hawa da sauka, wa zai kula da lafiyarsu?

Ku ji abin da ya faru a Amurka. Ranar 8 ga Yuli, 2011, wani tsohon soja ɗan shekara 29 ya je wurin wasa na Darien Lake a jihar New York tare da danginsa. Bawan Allah nan ya rasa ƙafafunsa biyu a 2008, lokacin da bam ya tashi da motarsu a Iraƙi. Ya ce shi jirgin nan mai gudu a kan dogo yake son hawa, wanda ake kira Ride of Steel, mai tsayin ƙafa 208. Wani ɗan'uwansa ya ɗauke shi daga keke ya zaunar da shi a kujera, ma'aikata suna kallo. A rubuce yake a dokar jirgin cewa sai mai ƙafa biyu zai hau, amma babu wanda ya ce uffan. Jirgi ya tashi, ana cikin gudu ya yi sama da shi, ya faɗo ya mutu.

Abin da ya sa aka kafa waccan dokar shi ne, irin wannan jirgi da bel da wani ƙarfe mai danne cinya yake riƙe mutum. In ya haye tudu da gudu zai gangara, jiki tashi yake daga kujera, ƙarfen nan ne ke tare shi. Wanda ba shi da cinyar da za a danne, me ƙarfen zai kama?

Da hukumar ƙwadago ta jihar ta yi bincike, ta ce jirgin lafiyarsa lau. Laifin ta ɗora wa wurin wasan ne, don ma'aikatan ba su sami horon da ya kamata ba, ba su san dokar abin da aka ba su tsaro ba. Ni ma nan na tsaya. Ɗan'uwa so ne ya sa shi ɗauka, soja kuwa nishaɗi ya zo nema. Mai riƙe da makunnin na'ura shi ya kamata ya san wanda kujerar za ta iya riƙewa, kuma bakinsa ya iya cewa a'a ko da ran baƙo zai ɓaci.

Sai dai kada ki ce shi ke nan, ke mai rakiya kin fita. A wuraren wasa na Disney ma, da duk girmansu, ba a yarda ma'aikaci ya ɗaga baƙo daga keke ba. Za su iya rage gudun daben da ke tafiya ko su tsayar da shi a wasu wasannin, amma ɗauka da zaunarwa na wanda ya zo da mutum ne. Mu nan Najeriya an sa hannu a dokar hana nuna wa naƙasassu bambanci a Janairun 2019, don haka ba alfarma ake yi wa ƙanwarki ba in an bar ta ta shiga. Amma doka ba za ta zo ta riƙe mata hannu a bakin lilo ba.

Don haka kafin ki sayi tikiti, ki je wurin mai kula da abin ki gaya masa gaskiyar halin yarinyar. Na san halinku da kunya, wata sai ta ja zane ta rufe ƙafar ƙanwarta don kada a kalle su. Haba! Ki faɗa masa ba ta iya taka ƙafar hagu, ko ba ta jin magana, ki ce sai abin ya tsaya cak za ta hau, kuma kada ya kunna sai kin ɗaga masa hannu. In ya yi miki tsaki ko ya ce "ku dai hau kawai", ki ja yarinyarki ku canza wuri.

Saukar ma ta fi ba ni tsoro. Kai yana juyawa, na baya suna turowa don su kama kujera, kuma sau da yawa ta wani ɓangaren ake shiga, ta wani ake fita. Ki tabbata keken ko sandunan suna can inda za a sauko, kuma ke za ki fara sauka ki tare ta. Makauniya ki ƙirga mata matakala da baki. Kurma kuwa ba za ta ji ihun "kada ku tashi tukuna" ba, sai ki dafa mata gwiwa har a tsaya.

Tambaya ɗaya kuma kada ki manta da ita: in wuta ta ɗauke muna can sama, yaya za ku sauko da wadda ba ta iya taka tsani? In ya fara sosa ƙeya, to dokin nan mai juyawa a ƙasa ya ishe ku.

Sai mun haɗu a fitowa ta gaba in Allah ya kai mu. Ku ci gaba da aiko da wasiƙunku.

Taku, Anti.