Iyakar girman fayil a ƙofar saba ake sa ta

1/ 'Yan uwa masu gina manhaja da Django, yau ku yi haƙuri da ni. Duk wanda ya buɗe wurin ɗora fayil a shafinsa bai sa iyaka a saba ba, gidansa ya bari a buɗe ya tafi kasuwa.

2/ Za ka ce ai ka sa JavaScript yana duba girman kafin a tura. Malam, wannan a burauzar mai turawa yake gudana. Mutum ɗaya mai curl zai tsallake shi ya cusa maka fayil na gigabait goma.

3/ Wani kuma zai ce "ai Django na da iyakar 2.5MB". Ba haka ba ne wallahi. DATA_UPLOAD_MAX_MEMORY_SIZE ba ya lissafa fayilolin da aka ɗora. Shi kuwa FILE_UPLOAD_MAX_MEMORY_SIZE cewa kawai yake: abin da ya wuce 2.5MB a rubuta shi a faifai maimakon RAM. Babu wanda ya hana komai shiga.

4/ Duba girman a cikin clean() na fom ma ya makara. Kafin a kai nan, fayil ɗin ya riga ya sauka gaba ɗaya a /tmp. Faifai ya cika, rumbun bayanai ya kasa rubutu, kowa ya tsaya. Ranar rufe rajistar ɗalibai na taɓa ganin haka da idona.

5/ Masu Flask kada ku yi dariya. MAX_CONTENT_LENGTH ɗinku None ne sai kun sa da hannunku.

6/ Maganin layi ɗaya ne a Nginx: client_max_body_size. Asalinsa 1MB ne, abin da ya wuce a mayar da shi da kuskuren 413 tun bai kai ga Django ba. Amma da 413 ta fito sai wasunku su mai da shi 0, wato babu iyaka kwata-kwata. Haba!

7/ Kuma iyaka ba azaba ba ce. Ka ce hoto kada ya wuce 50KB, alhali wayar yaro na ɗaukar na 3MB, ka tura shi kafe biyan kuɗin matsewa. Karɓi 5MB, ka rage shi da Pillow a wajenka.

8/ In ka ƙi fayil, faɗa wa mutum dalili da girman da kake karɓa, tun bai ƙona datarsa ba. Yanzu je ka buɗe nginx.conf ɗinka ka duba.