Kalangu Ya Zo Ogbete, Mu Muna Kan Waya

Jama'ar Ogbete, mu faɗa wa kanmu gaskiya. Bayan Babbar Sallah mahautanmu suka gayyato mai kalangu daga Arewa da 'yan amshinsa, aka shimfiɗa tabarmi bayan la'asar. Su wa suka zauna? Dattawa da ƙananan yara. Samari na gefe, kowa ya duƙufa kan waya, wasu suka ɗauki bidiyon minti ɗaya suka yi gaba. Amma a kawo DJ gidan biki ya ƙure sifika, sai ka rasa wurin sa ƙafa.

To wallahi asara muke yi. Kalangu ba abin ji a waya ba ne. Sai kana zaune gaban makaɗi ka ga yadda yake matse igiyoyin a hammata, gangar ta yi magana, ta kira taken mahauta. Mawaƙi ya dube ka ya ƙaga baiti nan take, ya haɗa da sunan kakanka da garin da ya baro. Haka Mamman Shata ya yi ta yi har ya rasu a 1999. Barmani Coge da ƙwaryarta ta tafi a 2013, Ɗanmaraya Jos da kuntiginsa mai tsirkiya ɗaya ya bi a 2015. Waɗanda suka rage, in ba a zauna gabansu an yi musu kari ba, sana'a za su canja.

Mu dubi maƙwabtanmu. Mike Ejeagha, ɗan jihar Inugun nan, tatsuniyoyin Ibo yake rerawa da jita. A 2024 matasansu suka tono tsohuwar waƙarsa, duk ƙasa ta ɗauka, aka yi ta zuwa gidansa gaisuwa kafin ya rasu a 2025. Su sun karrama nasu yana raye. Mu fa?

Wasu za su ce kawo makaɗi daga Kano ko Katsina tsada ne. Kuɗin DJ da janareto da liƙin da ake yi a dare ɗaya, kyauta ne? Wasu kuma su ce taron kiɗa na ɓata tarbiyya. Wanne ya fi ɓatawa, zaman tabarma da rana gaban iyaye, ko cashewa har tsakar dare?

Abin da ya fi damun mu shi ne 'ya'yanmu. Yaron da aka haifa nan ya iya Ibo da Turancin buroka, Hausarsa kuwa ta ciniki ce kawai. Karin magana da kirari da habaici a bakin mawaƙi ake tsintarsu.

Don haka muna kira ga Sarkin Hausawa da shugabannin mahauta da 'yan kasuwa: ko sau ɗaya a shekara a haɗa kuɗi a kawo mai kalangu, ko goge, ko garaya, mata kuma a yi musu amada. In sun zo, mu fito da iyalanmu, mu sa waya a aljihu, mu zauna har a tashi.